Ƙaramin noti, babban aiki: Yadda ake samo kayan gyaran tsofaffin majigi

Masu gyaran tsofaffin na'urorin majigi a Turai da Amurka kan sha wahala wajen neman ƙananan notuna, domin kuwa notin da ya dace da majigin Birtaniya ba lallai ba ne ya shiga na Japan, ko da a ido girmansu ɗaya.

Akasarin kamfanonin da suka ƙera waɗannan na'urori sun daina yin su. Kamfanin Eumig na ƙasar Ostiriya, alal misali, ya durƙushe a farkon shekarun 1980, lokacin da bidiyo ke karɓe kasuwa. Amma fina-finan suna nan a gidaje da ɗakunan adana tarihi: masu faɗin milimita 16 da kamfanin Kodak ya fito da su a 1923, da masu milimita 8 na 1932, da kuma Super 8 na 1965. Da yawa daga cikinsu kwafi ɗaya tak ya rage, kuma noti guda da ya saki a mashigar fim ya isa ya kwarzane faifai daga farko har ƙarshe.

Kowace ƙasa da ma'auninta

Tushen matsalar shi ne haƙoran da ke kewaye jikin noti. A 1841 ne injiniyan nan na Ingila, Joseph Whitworth, ya gabatar da ma'auni na bai ɗaya mai kusurwar digiri 55. A 1864 kuma William Sellers na birnin Philadelphia ya kawo nasa mai digiri 60, wanda Amurka ta runguma. Sai a 1949 Amurka da Birtaniya da Kanada suka amince da tsari guda, bayan wahalar da suka sha wajen musayar kayan gyara a Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin sha'awa, akwai wani William Sellers ɗin daban, jami'in kiwon lafiya a Najeriya zamanin mulkin mallaka, wanda ya jagoranci sashen fina-finai na ƙasashen rainon Ingila da aka kafa a 1939. Irin motocinsu ne suka riƙa zagaya garuruwa suna haska majigi a ƙofar fada. Sunan ne kawai ya zo ɗaya.

Ga ƙananan na'urori kuwa, masana'antun Birtaniya sun fi amfani da wani ma'auni da ake kira BA, mai kusurwar digiri 47 da rabi. A wannan tsari, idan lamba ta ƙaru noti ƙanƙancewa yake yi: 0BA na da kaurin milimita 6, shi kuwa 6BA milimita 2.8 ne. A tsarin Amurka akasin haka ne, lamba 6 ta fi lamba 4 kauri.

To a nan ne ruɗanin yake. Notin 6BA na da tazarar milimita 0.53 tsakanin haƙori da haƙori. Notin Amurka mai lamba 4-40 kaurinsa kusan milimita 2.84 ne, da haƙora 40 a kowane inci, wato tazarar kimanin 0.635. Shi kuma M3, wanda majigin Jamus irin su Bauer ke amfani da dangoginsa, kaurinsa milimita 3 ne da tazarar 0.5. Idan aka zuba ukun a tafin hannu, ba kowa ne zai bambance su ba.

Japan ma tana da nata labarin. Kafin ta koma tsarin ƙasa da ƙasa a shekarun 1960, notinta na milimita 3 yana da tazarar 0.6 ne. Kazalika tsagar gicciye da ke kan notunan Japan ta ɗan bambanta da ta Phillips, shi ya sa sukundireban da bai dace ba kan zame ya cinye kan notin a majigin Elmo ko Eiki.

Sunan kamfani kaɗai ba ya wadatarwa. Bell & Howell na birnin Chicago ne, amma an ƙera wasu majiginsa a Ingila ƙarƙashin kamfanin Rank, daga baya kuma an sayar da wasu ƙirar Japan da sunansa. Don haka rubutun ƙasar da aka yi na'urar shi ne abin dubawa na farko.

Awo kafin saye

Hanya mafi inganci ita ce a kwance makwabcin notin da ya ɓata, a auna kaurinsa da ma'aunin Vernier, sannan a gwada haƙoransa da ɗan ma'aunin haƙora mai kama da mataji. Idan babu shi, sai a auna tsawon haƙora goma a raba gida goma. Tsawon notin ma na da muhimmanci, domin wanda ya zarce da milimita biyu na iya taɓa giya ko wayar lantarki a ciki.

Sabon noti dai da yatsu ake fara ɗaura shi. Idan ya juya sau ɗaya ko biyu ya cije, to ba gidansa ba ne. Jikin majigi galibi alminiyam ne ko wani ƙarfe mai laushi, kuma notin da aka tilasta zai share haƙoran ramin baki ɗaya. Daga nan sai dai a faɗaɗa ramin a sake yanka masa haƙora, ko a dasa masa ɗan zoben waya mai haƙora, aikin da ya fi kuɗin notin nesa ba kusa ba.

Inda ake samu

Notunan tsarin mita da na Amurka har yanzu ana ƙera su, kuma masu gyaran agogo da tabarau da kyamara na da mafi ƙanƙanta daga cikinsu. Na BA sun yi ƙaranci, amma ana samunsu a Birtaniya wurin masu sayar da kaya ga masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na sha'awa.

Mafi wuya su ne waɗanda kamfani ya yi wa na'urarsa ita kaɗai, kamar noti mai kafaɗa wanda wani ƙarfe ke juyawa a kansa. Irin waɗannan ba a samunsu a shago. Masu gyara kan sayi mataccen majigi iri ɗaya a kasuwar gwanjo ko a eBay su kwance shi, suna bin lambobin da ke cikin littafin gyara na kamfanin. Idan hakan ya gagara, sai a kai samfur ga mai injin sassaƙar ƙarfe ya yanka sabo, tare da rubuta masa kauri da tazara da kuma kusurwar haƙoran.