Ƙugiya da Gura a Dagulallen Ruwan Borno

Idan damina ta yi nisa, kogin Ngadda yakan ratso Maiduguri kamar an dama kunun kanwa. Ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, ba za ka ga yatsunka ba. Daga Fori zuwa Gwange ruwan yana tafe da laka da karmami, har ya gangara fadamar Jere ya bazu cikin shinkafa da ciyawa. A irin wannan ruwa ido ba ya yi wa masunci aikin komai, kuma ba ya yi wa kifin ma. Duk da haka nan ne kifi yake taruwa, domin sabon ruwa da ya haye tudu ya shanye ciyayi shi ne ke ɗauke da abinci, kuma cikin duhuwar ciyawar nan uwa take zuba ƙwai, 'ya'ya su sami maɓoya.

Mai kalli ba ya son wurin nan. Ragarsa ta tsaye tana bukatar sarari, in ta haɗu da kututture ko ƙaya sai ɗinki. Mai birgi ya jefa, ragar ta sauka bisa kan burgu ta tsaya cak, kifi ya sulale ta ƙasa. Taru kuwa ba a ma maganarsa, don ba a jan raga cikin kurmi. Kayan aiki biyu ne suke shiga inda sauran suka ja da baya: ƙugiya da gura. Na daɗe ina auna su a raina, tun ina yaro muna tonon tana a bakin Gadabul don yin fatsa, kuma har yau ina ganin wanda ya fahimci bambancinsu ya fahimci rabin labarin su a ƙasar Borno.

Ruwan Borno ba haka yake ba tun asali. A farkon shekarun 1960 tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, buɗaɗɗen ruwa mai igiya, inda giwan ruwa da tsage suke farauta, kalli kuma yake cin kasuwarsa. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye mafi yawan wannan ruwa. Garin Baga da ke bakin gaɓa ya wayi gari ruwa ya yi masa nisa, masunta suka bi shi zuwa Doron Baga da tsibiran da ke gaba. Abin da ya rage a ɓangaren Najeriya fadama ce: ruwa marar zurfi, ciyawa, kacala, da itatuwan da suka tsiro a busasshen gindin tafki sannan ruwa ya dawo ya shanye su. Kogin Shari ne ke kawo mafi yawan ruwan tafkin daga kudu, kuma tafiyar tana da nisa, shi ya sa cikar ba ta isowa gaɓarmu sai bayan damina ta ɗauke, cikin sanyin hunturu. Sannan ruwan ya fara ja, manoma su bi sawunsa da masara da wake.

Da ruwa ya sauya, kifi ma ya sauya. Giwan ruwa mai son sarari da iska ya yi ƙaranci. Waɗanda suka gaji wurin su ne masu jure laka: tarwaɗa, karfasa, bargi, gaiwa. Tarwaɗa ce sarauniyarsu. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, saboda haka ruwan da zai kashe wani kifin ita ba ya damunta. Idanunta ƙanana ne, ba da su take neman abinci ba. Gashin bakinta guda takwas da fatar jikinta suna ɗanɗanar ruwa, ga kuma wani layi a gefen jiki daga kai zuwa wutsiya da ke jin motsi komai ƙanƙantarsa. Duk mai son kama ta a dagulallen ruwa dole ya yi mata magana ta hanyar wari da motsi.

Nan ƙugiya take nuna kanta. Mai fatsa yana da sandar gora, zare, 'yar dalma, da koto: tana, ɗan kwaɗo, hanjin kaza, ƙaramin kifi, wani lokaci har guntun sabulu. Ba ya jefawa nesa. Yakan lallaɓa ya nemi 'yar kafa a tsakiyar ciyawa, ko gindin itacen da ruwa ya ci, ya saukar da koton a hankali har ya taɓa ƙasa, ya ɗan ɗaga, ya sake. Duk ilimin yana cikin yatsun da ke riƙe da zaren. Ƙwararre yana bambance tsakurar ƙaramar karfasa da jan ƙurungu, yana sanin lokacin da tarwaɗa ta haɗiye ta juya, kuma ya san in ya yi jinkirin ƙiftawar ido ta naɗe zaren a jikin saiwa, shi ke nan an yi asarar ƙugiya da kifi gaba ɗaya. Ya san gefen da sabon ruwa ke shigowa, ya san ƙarƙashin bado da kainuwa ya fi sanyi da rana tsaka. Wannan sani ba a sayensa a kasuwa, kuma ba ya gaduwa sai an jiƙe tare da mai shi.

Abin sha'awa, masu kamun kifi don nishaɗi a kudancin ƙasar Amurka sun ci karo da wannan matsalar, suka warware ta da dabara mai kama da tamu. A wurare irin tafkin Okicobi na jihar Fulorida suna farautar wani kifi da suke kira bas cikin ciyawa da itatuwan da ambaliya ta shanye. Makaminsu ƙugiya ce guda mai kan dalma, an ɗaura mata gezar roba, an kuma kafa 'yan tsinkaye masu lanƙwasa a gaban bakinta don kada ta sarƙe. Jig suke ce mata. In ruwa ya dagule sukan zaɓi mai launin baƙi da shuɗi, domin duhu ya fi fitowa a cikin laka, wasu har da 'yar kacau-kacau a jiki don kifi ya ji. Su ma kusa suke matsawa, su saka ta cikin kafa, su ɗaga su sake. Bambancin shi ne bas mafarauci ne mai kai wa motsi sura, don haka roba tana ruɗarsa, tarwaɗa kuwa sai ta ɗanɗana ta yarda. Wani bambancin ya fi wannan girma: a gasanninsu ana auna kifin a mayar da shi ruwa da ransa, mu kuwa cefanen gida ne yake jira. Amma tsinkayen nan masu kare bakin ƙugiya dabara ce da nake ganin maƙeranmu za su iya ɗauka, don yawan ƙugiyar da ciyawa ke cinye wa mai fatsa ba kaɗan ba ne.

Gura baƙuwa ce. Masunta 'yan Mali ne suka zo da ita tafkin Chadi a shekarun 1980, lokacin da fari ya kore su daga ruwayensu, shi ya sa har yau ake danganta ta da ƙasarsu. Tsarinta mai sauƙi ne: a lanƙwasa tsumagu a yi ƙwarangwal kamar ƙaramin akurki mai tsini, a lulluɓe da raga, a bar ƙofofi a ƙasa waɗanda kifi ke shiga amma ba ya gane hanyar fita. A zuba dusa a ciki, a dasa ta cikin ciyawa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a tafi. Ba ta sarƙewa, domin ba janta ake yi ba. Ba ta bukatar gani, warin dusa ne ke yi mata kira. Tana aiki dare da rana, mai ita yana gona ko yana barci. Kuma tana kama karfasa, wadda ba kasafai take cika wa mai ƙugiya kwando ba. Kifin yana zaune da rai har a zo ɗauka, ba kamar na kalli ba da ke mutuwa ya fara lalacewa kafin gari ya waye. Kamar an ƙera ta ne domin fadamar da tafkin ya koma, kuma ba abin mamaki ba ne da ta bazu cikin 'yan shekaru, daga Hausawa zuwa Barebari da sauran masu shiga ruwa.

In yawan kamu ake magana, gura ta yi wa ƙugiya nisa. Katon-katon na banda da ake saukewa a kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, a loda wa manyan motoci zuwa Onica da Inugu da Legas, ba fatsa ce ta tara su ba. Mai iyali goma da ya ce ya zaɓi gura, ba ni da bakin ce masa ya yi kuskure.

Damuwata tana farawa ne daga inda gura ta zama dumba. Dumba jerin gura ne, ɗaruruwa, an haɗa su da raga mai ƙananan idanu an tare mashigar ruwa daga wannan gefe zuwa wancan. Lokacin da ruwa ke ja, duk kifin da ya shiga fadama ya yi ƙiba ya hayayyafa dole ya biyo ta mashigar nan don komawa tafki, sai ya tarar da shinge. Uwa da 'ya'yanta, har masu tsawon ɗan yatsa, duk su faɗa. Wanda ke ƙasa da dumba kuwa sai ya wanke hannu, don an riga an tace masa ruwan. Kuma ba kowa ke iya kafa ta ba. Sai mai jarin sayen raga da biyan yara, mai bakin da za a ji a wajen masu raba wuri. Ruwan da dā kowa ke shiga da abin hannunsa ya koma rabon mutum guda na tsawon kaka. Rigingimun da aka sha yi a gaɓar Kukawa da Marte a kan wuraren dumba daga nan suka samo tushe. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76 sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in su, amma wanda ya taɓa leƙa cikin gura ya san idon ragarta bai kai ko kusa ba.

Ƙugiya tana zaɓe. Girmanta ne ke yanke girman bakin da zai haɗiye ta, saboda haka babbar ƙugiya ba ruwanta da 'ya'yan kifi. Ba ta tare wa kowa hanya. Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa ita ma tana da nata laifin, kuma sunansa mamari. Wannan doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi kusa da juna, babu koto, ana shimfiɗa ta dab da ƙasa a hanyar da aka sare cikin ciyawa. Kifi mai santsin jiki ya zo wucewa, ta cafke shi a ciki ko a wutsiya. Wanda ya kuɓuce yana tafiya da rauni, kuma mai tafiya a ruwa da ƙafa ya san haɗarinta. Ƙugiyar da nake yabo ita ce mai koto, ko ta sanda ko ta igiya, wadda kifi ke zuwa wa da bakinsa.

Akwai wani ma'auni da shekarun nan suka ƙara mana, wanda dā ba mu san da shi ba. Lokacin da aka far wa Baga a watan Janairun 2015, dubban masunta sun baro gaɓar tafki da kayan jikinsu kawai. Gura ɗari ba ta ɗaukuwa a ka, can aka bar su suka ruɓe cikin ruwa tare da jarin shekaru. Ƙugiya kuwa tana shiga aljihu. Hatta kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kiwon kifi da ke Baga sai da ta dawo Maiduguri. Na ga mutanen da dā suke da jirage da yara masu yi musu aiki sun koma bakin Ngadda da madatsar Alau da zare da 'yar dalma, suna fitar da abin miya da ɗan na sayarwa. Ba arziki ba ne, amma ya raba su da miƙa hannu. Tun daga lokacin na daina kallon fatsa a matsayin wasan yara.

Alau ɗin ma yanzu tana kan mararraba. An kammala madatsar a 1986 a kan Ngadda, a ƙaramar hukumar Konduga, don ba birni ruwan sha da shayar da gonaki, kifi kuma ya zo ya zama sana'ar ƙauyukan da ke kewaye. Ta yi ambaliya a 1994, sannan a daren 10 ga Satumban 2024 ta ɓalle ta shanye babban ɓangare na Maiduguri, ta bar mu da makoki da asarar da har yau ba a gama farfaɗowa daga gare ta ba. A 2025 aka fara aikin sake gina ta. Duk ranar da ruwa ya sake tsayawa a bayanta, zai kwanta ne a kan ƙasar da ciyawa da ƙananan itatuwa suka rufe, wato irin wurin da tarwaɗa da karfasa suka fi so su hayayyafa, kuma irin wurin da kalli ba zai shiga ba. Gura da ƙugiya ne za su sake haɗuwa a can.

Ba na fatan a kori gura, kuma ko an so ba za ta koru ba. Abin da nake roƙon sarakunan ruwa da bulamomi da jami'an kifi shi ne su zauna tun ruwa bai cika ba, su yanke girman idon raga, su hana tare mashiga baki ɗaya, a bar kafa a tsakiya da kifi zai wuce. A shekaru biyun farko kuwa, bakin rafukan da ke shigowa madatsar, inda uwaye ke hawa su zuba ƙwai, a bar wa masu ƙugiya mai koto su kaɗai.