Miyar Sanyi Ta Manoman Andalus

A kudancin ƙasar Sifen akwai yankin da a ke kira Andalus, inda Musulmi suka yi mulki tun daga 711 har 1492. Can ruwa da sanyin hunturu tare su ke zuwa, amma daga Yuni zuwa Agusta sai rana tsagwaronta. A lardin Kurɗuba zafi ya wuce digiri 47 cikin Agustan 2021. Da shigar wannan zafi ne kuwa a ke girbin alkama.

To, ma'aikacin gona da ya wuni da lauje cikin wannan rana ba ya marmarin abinci mai zafi. Saboda haka mutanen wurin suka saba da wata miya da su ke kira gazpacho, wadda ba ta ganin wuta ko kaɗan. Asalinta abincin talaka ce: busasshen burodi, da tafarnuwa, da man zaitun, da khal, watau ruwan tsami, da gishiri, a daka a cikin akushi a dama da ruwa. Tumatir baƙo ne a cikinta. Daga Amurka aka kawo irinsa bayan 1492, bai kuwa zauna cikin miyar sosai ba sai ƙarni na 19. Har yanzu a Malaga a kan yi wata fara, ba tumatir, da 'ya'yan almon.

Ga yadda a ke yi. A sami tumatir kilo 1 wanda ya nuna jawur, da kokwamba 1, da koren tattasai 1, da tafarnuwa ƙwaya 1 ko 2. A jiƙa guntun burodin jiya. A fara daka tafarnuwa da gishiri, sa'an nan burodi, sa'an nan sauran kayan. Mai, kamar cokali 4, shi a ke zubawa kaɗan kaɗan ana juyawa, domin in an tuttula shi gaba ɗaya sai ya taso sama ya ƙi haɗuwa. A sa khal cokali 2, a tace, a ƙara ruwa har ta shawu a kofi. Yanzu injin markaɗe da firiji sun rage wahala, amma mutanen da tulun ƙasa su ke dogara, wanda ke tsatsafo ruwa ya sanyaya abin da ke ciki, daidai da randa.

Hikimar abin ita ce mai zufa ruwa da gishiri ya ke asara, miyan nan kuwa tana mayar masa da su duka biyu. Burodi da mai su riƙe ciki. Har wa yau bitamin C na tumatir da tattasai, wanda doguwar dahuwa ke lalatawa, yana nan bai taɓu ba.

Mai lambu a ƙasar Hausa ya duba wannan. Duk kayan nan, ban da zaitun, suna cikin fadamarsa, tumatir kuma ya kan yi arha wajen Fabrairu da Maris, lokacin da zafi ke shigowa, har wani ya ruɓe a kwando. Wanda ya yi taushi da yawa har dillali ya raina shi, shi ne ainihin na wannan miya, in dai bai ruɓe ba. Lemun tsami ya isa maimakon khal, man gyaɗa kuma zai yi, ko da ya ke ƙanshin zai bambanta.

Sai dai akwai haɗari, ba ƙarami ba kuwa. Wuta ce ke kashe ƙwayoyin amai da gudawa da na zazzaɓin taifot, ga shi nan babu wuta. Lambun da a ke ban ruwa da ruwan kwata na bayan gari, kayansa ba na ci ɗanye ba ne. A wanke hannu da sabulu, a wanke kayan sarai, a feƙe kokwamba. Ruwan damawa ya zama an tafasa shi ya huce a randa mai murfi. Tsamin khal ba ya isa ya tsarkake ƙazamin ruwa. Inda ba firiji, wadda aka dama da hantsi a shanye ta kafin la'asar, kada ta kwana.