Kwanakin Jinyar Ɗan Wasa: Dokar Besbol da Halin Filayenmu

A gasar besbol ta Amurka, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, kuma an ƙayyade mata 'yan wasa 26. Wannan matsi ne ya haifar da jerin masu rauni: duk wanda aka saka a ciki dole ya huta adadin kwanakin da doka ta yanke, a ɗauko wani a gurbinsa. 

Adadin kwanakin ya sha canzawa. A 2011 aka ƙirƙiro jerin kwana 7 domin wanda ya bugu a ka. A 2017 aka rage mafi ƙarancin hutu daga kwana 15 zuwa 10, da niyyar kada a bar mai ƙaramin ciwo yana ɗingishi a fili don gudun rasa shi mako biyu. Niyyar mai kyau ce, amma ta buɗe wata kafa. Mai jifa da ke fara wasa yakan fito sau ɗaya ne a kwana biyar, saboda haka hutun kwana 10 ba ya cin masa fiye da fita ɗaya ko biyu. Sai aka riƙa zargin ƙungiyoyi da fakewa da ciwo don su hutar da gajiyayyen hannu su shigo da sabo. A 2022 aka mayar da masu jifa kwana 15.

Ƙwallon ƙafa, wadda ita ce abin so a Kafanchan da Madakiya, ba ta da irin wannan wa'adi. Abin da ya fi kusa shi ne dokar 2024 da ta ba gasanni damar ƙara canji ɗaya idan ɗan wasa ya bugu a ka.

A gasannin ƙauye na ƙarshen shekara giɓin ya fi fitowa fili. Matashi ya yi targaɗe ranar Talata, a kai shi wurin mai ɗori, a ja ƙafar a naɗe ta, ranar Asabar kuma ga shi ya ɗaura takalmi saboda wasan kusa da na ƙarshe ne kuma duk gari na kallo. Shi ba zai ce ba zai iya ba, mai horarwa ma ba shi da kamarsa a benci. Jijiyar da ba ta warke ba takan sake tsinkewa, ciwon mako uku ya koma na watanni. Wa'adin dole, duk da kafar da yake bari, yana sauke wannan nauyi daga kan yaron ya ɗora shi a kan masu shirya gasa.