Makon Ɗan Tseren Mita 100: Gudu Kaɗan, Hutu Da Yawa

Ranar 16 ga Agusta, 2009, a birnin Barlin na Jamus, Usain Bolt ya gama tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, da taku 41 kacal. Mai kallo zai ɗauka irin wannan mutum wuni yake yana sheƙa gudu. Amma a ranar atisayen sauri, ɗan tsere kan shafe sa'a biyu a fili, kuma in aka tara gudun da ya yi da iyakar ƙarfinsa, da ƙyar ya cika minti ɗaya. Sauran lokacin yana tafiya ne a ɗumama jiki, miƙe gaɓoɓi da zaman jira.

Dalilin yana cikin jiki. Makamashin gaggawa da tsoka ke ajiyewa, wanda masana ke kira fosfokiriyatin, yana raguwa cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma sai an yi mintuna kafin ya dawo. Shi ya sa kociyoyi da yawa ke ba da hutun kusan minti ɗaya ga kowace mita 10 da aka gudu: wanda ya yi mita 60 sai ya dakata minti shida ko fiye. Ga kuma batun taka ƙasa. A ƙololuwar gudu, ƙafa ba ta cika kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa ba, kuma binciken da Peter Weyand da abokan aikinsa suka wallafa a 2000 ya nuna cewa abin da ke raba masu sauri da saura shi ne ƙarfin da suke dukan ƙasa da shi a wannan ɗan lokaci. Jikin da ya gaji ba ya iya wannan duka. In aka matsa masa, gudun sanyi zai koya.

Charlie Francis, kocin Kanada, ya tsara mako a kan wannan fahimta. Litinin, Laraba da Juma'a ranakun zafi ne: tashi daga layi, gajerun gudu da kashi 95 cikin 100 na sauri ko sama, tsalle-tsalle da ɗaga ƙarfe, duk a rana guda. Talata, Alhamis da Asabar kuwa sassarfa ce a kan ciyawa, ba a wuce kashi 75, sai atisayen ciki da tausa. Lahadi hutu. Abin da ya fi ƙyama shi ne gudun tsaka-tsaki, domin yana gajiyarwa ba tare da ya ƙara sauri ba. A lissafinsa, ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo na buƙatar kimanin sa'a 48 kafin a sake ɗora musu aiki mai nauyi.

Sunan Francis yana da tabo, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ɗalibinsa Ben Johnson ya yi 9.79 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, aka same shi da ƙwayar ƙara kuzari, aka ƙwace zinaren. Francis da bakinsa ya amsa laifi gaban kwamitin bincike a 1989. Duk da haka kociyoyi masu gaskiya sun riƙe tsarin makonsa, tare da sanin cewa yaron da ba ya shan komai ya fi buƙatar hutun.

Ba kowa ya bi wannan hanya ba. Clyde Hart na Jami'ar Baylor a Amurka, wanda ya horar da Michael Johnson har ya yi 43.18 a mita 400 a 1999, yakan fara shekara da maimaita mita 200 sau da yawa cikin sassauci da gajeren hutu, sannan ya riƙa rage yawa yana ƙara sauri yayin da gasa ke matsowa. A Jamaika ma, ƙungiyar MVP ta Stephen Francis, wadda ta fito da Asafa Powell da Shelly-Ann Fraser-Pryce, ta yi suna wajen sammako da aiki mai wuya a kan ciyawa a farkon kaka. (Shi da Charlie suna kawai suka haɗa.) Glen Mills kuwa da ya karɓi Bolt bayan gasar Olamfik ta Athens a 2004, ya tarar da dogon saurayi mai karkataccen ƙashin baya da yawan ciwon cinya, don haka ya ba ƙarfafa ciki da baya babban kaso a makonsa. Koci nagari ɗan wasan da ke gabansa yake karantawa kafin takardar jadawali.

Akwai darasi guda da ya fi wuyar koyarwa: sakin jiki. Bud Winter na Jami'ar San Jose, wanda ya koya wa matuƙa jiragen yaƙi natsuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yakan nace wa ɗalibansa su saki muƙamuƙi da hannaye ko da suna tsakiyar gudu, domin tsokar da aka ɗaure birki ce. Ɗalibinsa Dennis Johnson ya kai wannan koyarwa gida Jamaika, zuwa kwalejin da ta zama Jami'ar Fasaha ta Jamaika da ke Kingston. Wani ɗalibin nasa, Lee Evans, zakaran mita 400 a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, ya yi shekaru yana horar da 'yan tsere a Nijeriya, kuma a Legas ya rasu a 2021. Tobi Amusan ta Nijeriya ma da ta kafa tarihin duniya na 12.12 a tseren tsallake shinge a 2022, a hannun 'yar Jamaika Lacena Golding-Clarke take atisaye a lokacin.