Hannun da ke Sagewa Cikin Dare



Tun kafin kiran assalatu goggona a Zadawa take farkawa. Ba hayaniya ce ke tashinta ba, hannunta na dama ne. Sai ta zauna bakin gado tana yarfe shi kamar wadda ta taɓa garwashi, har ya saki. Da rana kuma allura ta suɓuce mata tana ɗinkin hula, ludayi ya faɗi ba ta sani ba. In ka tambaye ta, sai ta ce, "Ɗana, sanyi ne." An yi ƙaho, an shafa man zafi, shekara ta zagayo hannu na nan yadda yake.

Abin da ke faruwa a wuyan hannu yake. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wurin, sun yi kamar kwalbati, wani tantani mai tauri ya rufe samansa. Ta wannan 'yar kafa igiyoyin nama 9 masu lanƙwasa yatsu suke wucewa, tare da jijiya ɗaya mai kai saƙon ji. Da wurin ya kumbura, jijiyar ce ke shan matsa. Shi ya sa babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe suke sagewa, ƙaramin yatsa kuwa lafiyarsa lau. Ku riƙe wannan alama, don ita likita zai fara tambaya.

A Koriya ta Kudu, inda inshorar lafiya ta game ƙasa tun 1989, kusan duk wanda ya je asibiti yana cikin lissafi. Lissafin nasu ya nuna cikin masu wannan ciwo mata ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, musamman masu shekara 50 da ɗoriya, kuma tiyatar da ake yi don magance shi ba baƙon abu ba ce a can. To, ku dubi hannun iyayenmu mata: surfe, daka, tuƙin tuwo da muciya, matse wanki, tatsar nono. Ga juna biyu, ga ciwon sukari, ga ƙiba, duk suna ƙara kawo shi. Maza ma ba su tsira ba, ɗan acaɓa da mai injin niƙa suna wuni hannunsu na karkarwa. Abin da ke damuna shi ne namu suna haƙuri da shi a ɗaka, ba su san yana da magani ba.

Ga gwaji mai sauƙi. Haɗa bayan hannuwanki biyu, yatsu na kallon ƙasa, ki tsaya minti 1. In yatsun nan suka fara sagewa, ki nufi asibiti. Ga asibitin gwamnatin tarayya a Azare, ga na koyarwa a Bauchi, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Da fari akan ba da abin ɗaure wuyan hannu a kwana da shi, wani lokaci a yi allura a wurin. In ya ƙi, sai a kashe wurin a tsaga tantanin nan jijiya ta sami sarari, yawanci a sallami mutum ranar. Amma in aka bari har tudun naman gindin babban yatsa ya lotsa, ko an yi aikin ba lallai ƙarfin ya dawo duka ba.

Goggo dai ta yarda za mu je Azare da ita bayan girbi. Na ce a'a, Goggo, wannan makon.