Ma'aunin Namiji a Jikin Mace

Ƙa'idojin jinya su ne rubutattun umarnin da kwamitocin ƙwararru ke fitarwa domin likita ya san gwajin da zai yi, da yawan maganin da zai bayar, da lokacin da zai ce mara lafiya ya shiga haɗari. Tun da a kan sakamakon bincike ake gina su, duk wanda ba a sa shi cikin binciken ba, da wuya ƙa'idar ta yi la'akari da shi, kuma mata sun daɗe a wannan matsayi.

A 1977 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba da shawarar a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga matakan farko na gwajin sabon magani. Tsoron nata yana da tushe, domin maganin talidomaid, wanda aka riƙa bai wa masu juna biyu a ƙarshen shekarun 1950, ya sa an haifi dubban jarirai da nakasar gaɓoɓi, sai dai wannan kariya ta mayar da jikin namiji ma'aunin kowa har zuwa 1993, lokacin da hukumar ta janye shawarar, majalisar ƙasar kuma ta wajabta sa mata cikin binciken da cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ke ɗaukar nauyinsa. Babban gwajin asfirin da aka fara a 1982 likitoci 22,071 ya ƙunsa, dukansu maza, ya kuma nuna maganin na rage haɗarin bugun zuciya. Da aka fitar da sakamakon makamancinsa a kan mata kusan 40,000 a 2005, sai aka ga amfaninsa gare su ya fi bayyana wajen rage shanyewar ɓarin jiki. Haka ma maganin barci zolpidem, sai a 2013 aka rage wa mata adadinsa daga miligiram 10 zuwa 5, bayan shekara ashirin yana kasuwa.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne gwajin tiroponin, wani sinadari da tsokar zuciya ke zubarwa cikin jini idan ta ji rauni, wanda yawansa ke taimaka wa likita ya tabbatar ko ciwon ƙirjin da aka zo da shi bugun zuciya ne. Zuciyar mace a bisa al'ada ta fi ta namiji ƙanƙanta, don haka abin da take zubarwa bai kai nasa ba, amma asibitoci sun daɗe suna aiki da iyaka ɗaya ga kowa, ta yadda mace za ta iya zuwa zuciyarta na lalacewa, a duba takardar gwaji a ce lafiyarta lau. Masu bincike a Edinbara ta Sikotilan sun nuna a 2015 cewa idan aka yi amfani da gwaji mai kaifi, aka sa iyakar mata a nanogiram 16 cikin lita, ta maza kuma a 34, yawan matan da ake gano bugun zuciya gare su yana ninkawa daga kashi 11 zuwa 22 cikin ɗari, alhali na maza bai canza sosai ba. Ƙa'idar duniya ta fayyace bugun zuciya da aka sabunta a 2018 ta amince da raba iyakokin.

Gyaran takarda, duk da haka, bai taɓa halin mai karanta ta ba. Wani bincike da ya biyo baya a asibitocin Sikotilan, wanda aka buga a 2019, ya gano cewa ko bayan an ƙara gano matan da zuciyarsu ta ji rauni, waɗanda aka yi wa aikin buɗe jijiyar zuciya a cikinsu ba su kai rabin adadin maza ba, an kuma fi rubuta wa maza magungunan kariya, sannan makomar matan bayan shekara guda ba ta inganta ba.