Kwalabe 195 da Suka Yi Ɓatan Dabo a Kentaki

Mai karatu, a ce kai ma'aikaci ne a wani babban kamfani, ka shekara 26 kana lodin kaya. Kullum katan-katan suna ratsawa ta hannunka, ka ɗora a mota, ka share gumi, ka koma gida. Ka san cewa kwalba ɗaya da ke cikin katan ɗin nan, kamfani ya yanka mata farashin dala 130, amma a bayan fage akwai masu jira da dala dubu a hannu, har suna haɗawa da roƙo. Ka san ƙofofin wurin kamar yunwar cikinka. Me za ka yi? Dakata, kada ka yi saurin amsawa, domin wani mutum a jihar Kentaki ta Amurka ya riga ka fuskantar wannan tambaya, kuma amsar da ya bayar sai da ta kai shi gaban alƙali.

Na san galibin masu karanta ni ba su shan barasa, addini ya hana, kuma ba tallar ta na zo yi ba. Abin da ya riƙe ni a labarin nan shi ne yadda ruwan masara da aka dafa aka zuba a ganga ya juya kan manyan mutane masu iyali da aikin yi. Sunan ruwan Pappy Van Winkle.

Wuski ne irin wanda Amurkawa ke kira burbon. Dokarsu ta ce ba za a kira abu burbon ba sai masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi shi da shi, kuma sai an adana shi a sabuwar gangar itacen oak wadda aka babbake cikinta da wuta. Yana da ɗan'uwa da ake kira rye, da sunan wani hatsi dangin alkama, shi kuma wannan hatsin ne ke rinjaye a cikinsa. Yawancin masu yin burbon sukan surka masararsu da rye ɗin, amma gidan Van Winkle da alkama suke surkawa, mashayan kuma suna cewa shi ya sa nasu bai da zafin maƙogwaro. Wannan kaɗai ne sirrin tsadarsa? A'a.

Sirrin yana cikin jira. Ganga ɗaya tana ɗaukar lita 200. A jera ta a rumbu, zafin bazara ya tura ruwan cikin katako, sanyin hunturu ya janyo shi, kowace shekara wani kaso ya tsere ta ƙofofin itacen ya bi iska. Masu sana'ar suna kiran wannan asara rabon mala'iku. Kafin a cika shekara 20, fiye da rabin abin da aka zuba ya tafi. Kuma abin da za ka sayar yau, tun shekara 20 baya aka yanke shawarar yawansa. Ko duniya duka ta taru a ƙofarka da kuɗi, ba ka da yadda za ka ƙara ko cokali guda.

Ga abin mamaki: akwai lokacin da ba mai so. Julian Van Winkle na farko, wanda ake wa laƙabi da Pappy, ya fara ne a matsayin ɗan tallar wuski a 1893, ya buɗe masana'antar Stitzel-Weller a gefen birnin Louisville a 1935, ya rasu a 1965. A 1972 aka tilasta wa iyalinsa sayar da masana'antar, domin Amurkawa sun juya wa burbon baya, suna ganinsa abin shan tsofaffi. Jikansa, Julian na uku, ya gaji ragowar kasuwancin a 1981, yana sayen tsofaffin gangunan da suka yi kwantai yana ɗurawa a kwalba, yana lallaɓa rayuwa. Da kai ne, mai karatu, ga iyali, ga sana'ar da kowa ya ce ta mutu, za ka ci gaba? Shi ya ci gaba. A 1996 wata cibiyar ɗanɗana abin sha a Chicago ta ba wa wuskinsa mai shekara 20 maki 99 cikin 100. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara hutawa ba.

A 2002 iyalin suka haɗa gwiwa da masana'antar Buffalo Trace da ke Frankfort, babban birnin Kentaki, ita ke dafawa tana ajiyewa. Sau ɗaya a shekara ake fitar da kayan, da kaka, a rarraba wa jihohi ɗan kaɗan-kaɗan. Kantin da ya yi sa'a ya samu kwalabe biyu ko uku. Wasu kantuna ƙuri'a suke jefawa, wasu kuma mutane ke kwana a ƙofarsu cikin sanyi da bargo da kujerar zama. Wanda ya samu, sau da yawa ba ya ko buɗewa, sai ya kai kasuwar bayan fage ya ninka kuɗinsa, ko da yake sayar da barasa ba lasisi laifi ne a can. Wanda ya buɗe kuwa, ɗan tsiyayawa yake yi a ƙaramin kofin gilashi, ya juya, ya shinshina, ya ɗiga ruwa ɗigo biyu, ya yi ta kurɓa kamar mai tsoron ya ƙare. Har kwalbar da ba komai a ciki ana saye a intanet da tsada. Me za a yi da kwalbar da ba komai? Ka riƙe wannan tambaya, za mu dawo kanta.

A tsakiyar watan Oktoba na 2013, Buffalo Trace ta kai ƙara wurin 'yan sanda. Katan 65 na Pappy mai shekara 20 sun ɓace, kowane katan kwalba uku, jimilla 195. Ga kuma katan 9 na rye mai shekara 13. A farashin kanti na lokacin, kayan kusan dala 26,000 ne. A bayan fage kuwa, sai ka ninka sau da dama. Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwaɗo ba. Shugaban 'yan sandan gundumar Franklin na wancan lokaci, Pat Melton, bai ɓata lokaci ba ya ce alamu sun nuna da ɗan gari aka ci gari.

Labari ya bazu har ƙasashen waje. Aka yi wa mutane fiye da 100 tambayoyi, aka sa ladan dala 10,000 ga duk wanda ya tona asiri. A nan ne aka yi abin da ya fi ba ni takaici a labarin gaba ɗaya. Wani kantin barasa ya ba da hoton bidiyo na wani mutum da aka ce ya shigo yana maganar Pappy, 'yan sanda suka saki hoton ga duniya suna cigiyarsa. Ashe shugaban wata makarantar sakandare ne, kuma lauyansa ya ce tambaya ya je yi ko zai samu ya saya. An wanke shi daga baya. Amma ka yi tunani, mai karatu: ka wayi gari ɗalibanka da iyayensu sun ga fuskarka a talabijin a labarin sata. Da wane ido za ka shiga harabar makaranta washegari? Wankewar hukuma ba ta goge abin da idon mutane ya riga ya gani.

Daga nan sai shiru. Wata ya bi wata, shekara ta zagayo, ba kwalba ko ɗaya. Mutane suka fara cewa ai an shanye shaidar.

Sai a watan Maris na 2015 wani saƙo ya shigo wa 'yan sanda daga wanda bai bayyana sunansa ba: ku je ku duba bayan gidan wane. Da suka isa, tun kafin su ga komai warin wuski ya tare su. A bayan wani ɗan ɗakin ajiya, ƙarƙashin tamfol, ga ganguna biyar cike maƙil. An kankare tambarin da ke kansu, an fesa baƙin fenti. Kowace ganga nauyinta ya haura kilo 200, ba abin da mutum zai saɓa a kafaɗa ya tsallake katanga ba ne. Kuma ga inda zancen ya juya: ba Pappy ba ne a ciki. Ba ma kayan Buffalo Trace ba ne. Na wani kamfani ne daban, Wild Turkey, da ke garin Lawrenceburg.

Mai gidan shi ne Gilbert Curtsinger, wanda kowa ya sani da Toby, ma'aikacin wurin lodi da ya shekara 26 a Buffalo Trace, magidanci mai mata da 'ya'ya. To yaya aka yi gangunan wani kamfani suka kwana a bayan gidansa? Da aka buɗe wayarsa, zare ya fara warwarewa. Akwai direban da ke jigilar gangunan Wild Turkey daga masana'anta zuwa rumbun ajiya. A hanya sai a ɗan ratse, a sauke ɗaya ko biyu. Kuma ba a wani kogon 'yan fashi suka san juna ba. A filin wasa suka haɗu, wasan ƙwallo da sanda da ake kira sofbol, wanda ma'aikata ke bugawa da yamma don motsa jini. Abokin wasa ya zama dillali, ɗan kallo ya zama mai saye. A watan Afrilu na 2015 aka tuhumi mutum tara, masu gabatar da ƙara suka ce harkar ta faro tun 2008, kuma wuskin da aka ƙwato ya kai na dala 100,000. Har da cinikin magungunan kumbura ƙwanji a ciki.

Me ya kai shi? Wannan ce tambayar da na daɗe ina juyawa. Kuɗi na ciki, ba musu. Amma idan ka saurari bayanin da ya yi da bakinsa a shirin Heist da Netflix ta fitar a 2021, za ka ji wani abu da ya fi kuɗi. A cewarsa, ɗaukar kwalba ɗaya ko biyu abu ne da ma'aikata suka saba, ba wanda ke ɗaga ido. Shi ya fara da yi wa abokai alheri. Sai wannan ya gaya wa wancan. Kwatsam ɗan lodin da ba wanda ya san da zamansa ya zama mutumin da masu hali ke nema a waya, saboda yana iya kawo abin da kuɗinsu ya kasa saya musu. Ni a ganina wannan daɗin ne ya fi kama shi, daɗin a ce sai da kai. To mai karatu, gaya mini gaskiya: da kai ne aka fara yi wa irin wannan kira, ana girmama ka, ana yi maka godiya, a kwalba ta nawa za ka tsaya?

A 2017 ya amsa laifinsa. A watan Yuni na 2018 alƙali ya yanke masa shekara 15 a gidan yari. Ka ce shi ke nan, rayuwa ta ƙare? Kwana 30 ya yi. Dokar Kentaki ta ba alƙali damar ya ɗanɗana wa mai laifi zaman kurkuku na ɗan lokaci don ya razana, sannan ya sake shi bisa sharaɗi, kuma haka aka yi masa. Ya fito ba aiki, ba suna, ya kama sana'ar fentin gidaje.

Yanzu mu koma kan kwalbar da ba komai. Masu sayenta cika ta suke yi da wuski mai araha, su liƙe bakin da kyau, su sayar wa wanda bai taɓa ɗanɗana na ainihi ba. Ba su ma rasa abin zubawa: Buffalo Trace tana yin wani burbon mai suna Weller da haɗin hatsi iri ɗaya da na Pappy, wanda a da yake zube a kantuna da arha. Wannan tsoron jabu ne ya yanke hukuncin kwalaben Pappy da 'yan sanda suka ƙwato. Melton ya so a yi gwanjonsu a ba da kuɗin ga ayyukan jinƙai. Julian na uku ya ce bai yarda ba, gara a lalata su, domin ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kwalbar da ta bi ta hannun ɓarayi, kuma sunan kakansa ne a jiki. Dubban daloli na kallonsa, ya zaɓi a zubar. Kai fa, da za ka iya?

Saura abu ɗaya. Jaridu sun yi ta shelar cewa an gano ɓarawon Pappy, har sunan ya manne wa Curtsinger. Shi kuwa ya yarda ya saci ganguna, ya yarda ya saci kwalaben Pappy, amma ya tsaya kai da fata cewa katan 65 ɗin nan na 2013, waɗanda suka tayar da ƙurar tun farko, ba shi ya kwashe su ba. Kwalaben Pappy da 'yan sanda suka ƙwato suka baje wa 'yan jarida a kan tebur 'yan kaɗan ne. Sauran suna ina? Wataƙila an shanye su tuni. Wataƙila kuma wata tana nan a bayan kabad ɗin wani attajiri, ba a ko fasa bakinta ba, yana fito da ita yana nuna wa baƙi, ba ya faɗin inda ya samo.